Idan Kira Ya Ƙi Shiga Tsakanin Ofis da Ofis: Yadda Ake Gano Inda Ya Mutu

Ma'aikata mai rassa takan wayi gari da na'urorin rarraba kira iri biyu ko uku ba tare da ta shirya hakan ba. Hedikwata ta sayi ta Cisco tun da jimawa, wani reshe ya gaji ta Avaya daga kamfanin da aka haɗe da shi, sabon reshe kuma an saka masa ƙaramar Yeastar ko Grandstream saboda araha. Sai a haɗa su da gada ta hanyar IP domin ma'aikaci a Kano ya danna lambobi huɗu ya samu abokin aikinsa a Kaduna ba tare da an kashe kuɗin kati ba. Ranar da kira ya ƙi shiga, mai kula da na'urar wannan ɓangare ya ce tasa lafiya lau, na wancan ɓangare ma ya ce haka, su biyun kuma su haɗu su ɗora wa mai kula da hanyar sadarwa laifi. Daga nan a shiga sauya saiti a makance, a bar jaki ana dukan taiki. Abin da nake so in nuna shi ne, kiran da ya lalace yakan faɗi abin da ya kashe shi da bakinsa, kuma aikin mai gyara shi ne ya karanta hirar da na'urorin biyu suka yi, ya gano saƙo na ƙarshe da ya tafi daidai, da wanda ya fara cewa a'a. Duk saitin da aka taɓa kafin a san wannan, caca ce.

Dole a fara da fahimtar cewa kira ɗaya tafiya biyu ce, kamar cinikin hatsi ne da ake ƙullawa tsakanin dillalai a rumfa, kaya kuma su bi wata mota ta wata hanya daban. Cinikin shi ne saƙonnin da na'urori ke aika wa juna don buɗe kira da rufe shi. Yawanci a yau ana yin sa da ƙa'idar SIP, wadda aka tsara ta yadda ake amfani da ita yanzu a takardar RFC 3261 ta shekarar 2002, tana bi ta ƙofa mai lamba 5060, ko 5061 idan an lulluɓe ta da TLS. Kayan kuwa su ne murya, wadda ake yayyankawa ƙunshi-ƙunshi, galibi hamsin a kowace daƙiƙa, a aika da ƙa'idar RTP ta wasu ƙofofi daban masu yawa. Asterisk, wadda aka gina na'urori masu araha da dama a kanta, takan ɗauki ƙofa daga 10000 zuwa 20000, tsofaffin rawutocin murya na Cisco kuma daga 16384 zuwa 32767. Ciniki yana iya faɗawa kaya su maƙale a hanya, kuma hanyar kaya tana iya zama fetal alhali ciniki bai faɗa ba. Wanda bai raba waɗannan biyu a ransa ba zai yi ta neman maganin rashin jin murya a cikin tsarin lambobi, inda babu shi.

Cinikin nan yana da jeri sananne. Mai kira ya aika INVITE, ɗaya ɓangaren ya amsa da 100, wato na ji ina dubawa, sannan 180, wato waya tana ƙara, sannan 200 idan an ɗaga. Mai kira ya tabbatar da ACK, murya ta fara gudana, wanda ya fara ajiye waya kuma ya aika BYE. Tunda jerin a bayyane yake, ƙorafin "waya ba ta yi" ba shi da amfani sai an tatse shi. A tambayi mai ƙorafi daga wace lamba ya kira, wace lamba ya danna harafi da harafi, ƙarfe nawa da minti nawa, me ya ji a kunnensa, kuma bayan daƙiƙa nawa. A gwada kiran ta ɗaya gefen, domin gada takan yi aiki daga Kano zuwa Kaduna ta ƙi daga Kaduna zuwa Kano, wannan kaɗai ya rage rabin bincike. A kuma tambaya me ya sauya tun ranar da abin yake aiki: an sabunta manhaja, an sauya kamfanin intanet, ko wuta ta ɗauke na'ura ta tashi da tsohon saitin da ba a adana sabonsa ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Mai kula da hanyar sadarwa zai ce ai ya yi ping, na'urorin biyu suna ganin juna, don haka matsalar ba tasa ba ce. Wannan hujja ba ta kai inda ake zato ba. Ping yana tabbatar da cewa ƙaramin ƙunshi na ICMP ya je ya dawo tsakanin adireshi biyu, shi ke nan. Bai ce katangar tsaro ta bar ƙofa 5060 a buɗe ba, bai ce ta bar dubban ƙofofin murya ba, bai ce babban ƙunshi zai wuce ba, kuma bai ce komai ba game da hanya tsakanin wayoyin da ke kan tebur, waɗanda sau da yawa suna kan wani rukunin adireshi daban da na na'urar rarraba kira. Amfaninsa ɗaya ne: idan ya ƙi, an san a fara da hanya. Idan ya yi, yanzu aka fara aiki.

Aikin shi ne ɗaukar hirar a rubuce, daga ɓangarorin biyu, a kan kira ɗaya. A Asterisk ana kunna "pjsip set logger on", a rawutar Cisco "debug ccsip messages", a Communication Manager ta Avaya "list trace tac" da lambar gadar. Wanda ya fi su duka shi ne a kwafi ƙunshin da ke wucewa a kan waya da tcpdump ko Wireshark, domin rahoton na'ura yana faɗin abin da take zaton ta aika, kwafin hanya kuwa yana nuna abin da ya fita da gaske, gani ya kori ji. Wireshark tana iya zana kiran kamar tsani, kowane saƙo da kibiyarsa da lokacinsa. Dalilin dagewa kan ɓangarori biyu shi ne, abin da ya bar Kano ba lallai ne shi ya isa Kaduna ba. Wata na'ura a tsakiya tana iya haɗiye shi ko ta sauya masa adireshi, kuma ba a ganin haka sai an jera kwafi biyu kusa da juna. Don jerawar ta yiwu, agogon na'urorin ya zama ɗaya ta hanyar NTP, sannan a bi kiran da lambar shaidarsa ta Call-ID. Tunatarwa ɗaya a nan: idan murya ba a lulluɓe take ba, wanda ya riƙe kwafin yana iya sauraron hirar mutane. A yi gwajin da kiran da masu gyara suka ƙulla tsakaninsu, kuma kada fayil ɗin ya yi ta yawo.

Abu na farko da za a iya gani shi ne shiru. INVITE ya fita, babu ko 100, mai aikawa ya maimaita bayan rabin daƙiƙa, tazarar ta riƙa ninkuwa, har ya haƙura bayan daƙiƙa 32 idan an bar shi a kan asalin ƙa'ida, ya rubuta 408. A nan tsarin lambobi da salon murya ba su da laifi, domin ba a ma kai gare su ba. A duba ko saƙon ya isa wancan gefen. Idan bai isa ba, katanga ce ko hanya. Idan ya isa aka yi biris da shi, yawanci ɗaya yana magana ta UDP ɗaya yana jira ta TCP, ko saƙon ya fito daga adireshin da mai karɓa bai sani ba, kamar yadda yakan faru idan na'ura tana da ƙafa biyu a hanyar sadarwa, ko ofis ya koma kan layin intanet na biyu bayan na farko ya yanke. Akwai kuma wani nau'i mai ɓoyewa: wasu kiraye suna shiga, wasu ba sa shiga, a gada ɗaya. Sau da yawa saƙon ne ya yi ƙiba saboda yawan bayanan da aka cusa masa, ya wuce abin da hanya ke ɗauka a ƙunshi ɗaya, aka raba shi biyu, katanga ta jefar da rabi. Shi ya sa ƙa'idar SIP ta ce saƙon da ya haura bayit 1300 a aika shi ta TCP idan ba a san faɗin hanya ba. Kuma idan an kunna saƙon OPTIONS da na'urori ke leƙa juna da shi, wadda ba ta samu amsa ba takan ɗauka gadar ta mutu ta daina aika komai. A irin wannan ba za a ga INVITE ya fita ba sam.

Idan kuwa amsa ta zo da lambar ƙi, an yi sa'a, domin na'ura ta buɗe baki. Sai dai a nan ne ake yawan kuskuren fassara. 404 ba ya nufin wayar da ake nema ba ta nan. Yana nufin lambar da ta iso, yadda ta iso, ba ta cikin rukunin lambobin da aka ba wannan gada izinin gani. A ce ma'aikaci ya danna 8 sannan 2105, da nufin 8 ta zama alamar fita zuwa reshe. Idan na'urar farko ba ta cire 8 ba, ta biyu za ta karɓi 82105 ta ce ba ta san shi ba. Idan ta farko ta cire ɗaya, ta biyu ma aka saita ta ta cire ɗaya, 105 ne zai rage. Don haka a karanta lambar da ke layin farko na INVITE a kwafin mai karɓa, kada a dogara da abin da ma'aikaci ya danna. Haka nan lambar waje: ɗaya yana rubuta ta da 0 a gaba yadda aka saba a cikin gida, ɗaya yana jiran ta da +234 ko +227. Idan lambar daidai ce amma aka ƙi ta, a duba izinin gadar: a Cisco rukunin binciken da aka ɗaura wa kira mai shigowa, a Asterisk sashen tsarin lambobi da aka jefa gadar a ciki, a Avaya ajin ƙuntatawa. 403 yakan nuna an san mai magana amma an hana shi, ko ba a yarda da adireshinsa ba. 401 da 407 tambayar kalmar sirri ce, wadda ba laifi ba ce idan an shirya hakan, amma a gadar da aka gina kan amincewa da adireshi alama ce cewa mai karɓa bai gane abokinsa ba, ya ɗauke shi baƙo. 503 kuma ya fi kowa yaudara, domin yana iya nufin layuka sun cika, ko lasisi ya ƙare, ko wata na'ura ta uku a gaba ce ta faɗi. A duba sunan na'urar da ta haifi amsar a cikin saƙon, a duba kuma layin Reason, inda akan sa lambar dalili ta Q.850 da aka gada daga tsohon tsarin tarho: 1 lamba ba ta da mai ita, 3 babu hanya, 17 ana kan layi, 34 babu layin da ya rage, 47 kayan aiki sun gaza.

Amsar 488 tana da gidanta daban: an yarda da lamba, an kasa daidaitawa kan salon naɗe murya. A cikin INVITE akwai wani sashe, SDP, inda mai kira yake jera salon da ya iya, kowanne da lambarsa: 0 da 8 su ne nau'i biyu na G.711, 18 kuma G.729. Nau'in mai lamba 0 shi ne na Amurka da Japan, mai lamba 8 shi ne na Turai da Afirka, kuma na'urar da aka ƙera don kasuwar Amurka takan zo da na can a saite. Idan jerin wannan da na wancan ba su haɗu a ko ɗaya ba, kira ya mutu nan take. Maganin shi ne a zaɓi salo ɗaya da kowa ya iya a sa shi a gaba, a daina jera salo goma don burga. Akwai kuma saɓanin ɗabi'a: Call Manager ta Cisco, idan ba a sauya mata saiti ba, takan aika INVITE babu SDP, ta jira ɗaya ɓangaren ya fara taya farashi. Ƙa'ida ta halatta haka, amma wasu na'urori ba sa jure shi. Wanda ya ga INVITE fanko a kwafinsa ya san inda zai dosa.

Kiran da ya shiga lafiya sannan ya yanke, agogo ne shaidarsa. Idan kullum yana yankewa wajen daƙiƙa 32 da ɗagawa, ACK ne bai isa ba. Wanda aka kira ya aika 200, ya yi ta maimaitawa yana jiran tabbaci, da wa'adi ya cika ya rufe. Dalili mafi yawa shi ne adireshin da ya rubuta a layin Contact na cikin gida ne, irin masu farawa da 10 ko 192.168, wanda mai kira ba shi da hanyar zuwa gare shi. Idan yana yankewa a minti 15 cif, ko dab da minti 30, wa'adin sabunta kira ne. Takardar RFC 4028 ta ba da shawarar daƙiƙa 1800, a sabunta a rabin lokaci; idan saƙon sabuntawa ya tafi aka ƙi shi ko ya ɓata, kira ya faɗi a rabi, idan kuma wanda aka ɗora wa sabuntawar bai yi ba, ɗayan ya rufe kafin wa'adi ya cika. Matsalar hanya ta gaskiya ba ta da irin wannan tsari, takan zo yadda ta ga dama. Duk yankewar da ke cika alkawarin lokaci, wani ne ya saita ta.

Sai babbar matsalar da ta fi kowace yawa, ɗaya yana ji ɗaya ba ya ji. Ciniki ya faɗa, mota ɗaya ta ɓata. A buɗe SDP na ɓangarorin biyu a karanta adireshi da ƙofar da kowanne ya ce a aiko masa da murya, sannan a tambaya: shin ɗaya ɓangaren yana da hanyar isa wannan adireshi? Wanda ba ya ji, murya ce ba ta iso masa ba, don haka a bi ƙunshin da ke nufo shi. Na'urori da yawa, da zarar kira ya ƙullu, sukan janye jiki su ce wa wayoyin biyu su yi magana kai tsaye. Hanya tsakanin na'ura da na'ura a buɗe take, amma tsakanin rukunin wayoyin Kano da na Kaduna ba wanda ya taɓa buɗewa. Gwaji mai sauƙi shi ne a tilasta murya ta bi ta cikin na'urar rarraba kira. Idan ta dawo, an gano. Inda akwai NAT, mai sauya adireshin cikin gida zuwa na waje, a tsakiya kuma, a yi hattara da mataimakin SIP da ke cikin rawuta, wanda a MikroTik da FortiGate yakan zo a kunne. Aikinsa ya gyara adireshi a cikin saƙo, amma idan na'urar ta riga ta gyara da kanta, gyara kan gyara ɓarna yake zama. Kwafi biyun nan da aka jera su ne za su nuna ko saƙo ya sauya kama a hanya.

Ragowar ba sa buƙatar dogon bayani. Idan kira yana tafiya amma "danna ɗaya" ba ya aiki, ɓangarorin ba su daidaita kan yadda ake aika alamar maɓalli ba: ɗaya yana bin RFC 2833, wadda RFC 4733 ta maye gurbinta, ɗaya yana aika SIP INFO, ko yana barin ƙarar a cikin murya, wadda G.729 ke dagulawa. Idan murya tana ɓacewa bayan an ajiye mutum a jira ko an miƙa kiransa, a karanta INVITE na biyu da aka aika a tsakiyar kira. Idan murya tana sarƙewa, a yi lissafi: kira ɗaya na G.711 yana cin kusan kilobit 80 a daƙiƙa a kowane gefe idan an haɗa da kan ƙunshi, G.729 kusan 24, kuma shawarar G.114 ita ce jinkirin zuwa kada ya wuce milisakan 150. Reshen da ke kan tauraron ɗan'adam mai nisan kilomita 35,786 ya riga ya haura wannan kafin a ce komai, babu saitin da zai rage masa. Gadar da har yanzu take kan tsohuwar ƙa'idar H.323, mai bi ta ƙofa 1720, sunayen saƙonninta daban ne amma hanyar binciken ɗaya ce.

Wani zai ce duk wannan wahala ce, a sayi na'ura iri ɗaya ko'ina a huta. Akwai gaskiya a ciki, domin kowane kamfani yana da yadda yake fassara wuraren da ƙa'ida ta bar zaɓi, kuma abubuwan ƙawa kamar fitilar saƙo da nuna suna sun fi tafiya tsakanin 'yan gida ɗaya. Amma a duba abubuwan da aka lissafa a sama: katanga, NAT, lambar da aka cire sau biyu, hanya tsakanin wayoyi, ƙarancin faɗin layi. Ko ɗaya daga cikinsu bai damu da sunan kamfani ba, kuma ranar da za a haɗa da kamfanin sadarwa na waje, baƙon harshe ya dawo. Wani kuma zai ce a kashe a kunna, ai yakan yi. Yakan yi ɗin, musamman idan katanga ta riƙe tsohuwar mahaɗa bayan layin intanet ya sauya, amma yana share shaida, gobe kuma a koma gidan jiya. Idan aiki ya matsa dole a kunna, a ɗauki kwafin minti biyu tukuna. Shawarar da ta fi ƙarfi ita ce a sa na'urar kan iyaka, SBC, a tsakani ta riƙa fassara. Inda rassa suka yi yawa ko ake fita intanet, ina goyon bayan haka. Sai dai ita ma da abin da aka gaya mata take aiki, kuma wanda bai iya karanta hirar na'ura biyu ba, ta uku ba za ta sauƙaƙa masa ba. Shawarar da ba ta da kariya ko kaɗan ita ce a buɗe katanga gaba ɗaya don a gani. Ƙofa 5060 da ke fuskantar intanet, masu laluben na'urori don satar kiran ƙasashen waje ba sa daɗewa ba su same ta ba, kuma ma'aikata ce za ta biya kuɗin. Idan za a buɗe don gwaji, a buɗe wa adireshin abokin gada shi kaɗai.

Bayan an gano wurin, a sauya abu ɗaya, a sake kira, a sake ɗaukar kwafi, a rubuta abin da aka sauya da yadda yake a da. A tuna cewa a Call Manager sauyin saitin gada yakan buƙaci a sake tayar da gadar kafin ya kama, kuma hakan yana iya yanke kiran da ke kanta, don haka a bari sai an tashi daga aiki. Idan gyaran yana hannun injiniyan wancan ɓangare, kada a aika masa da "na'urarka ba ta yi". A aika masa lokacin kiran, lambobin biyu, Call-ID, kwafin ɓangarorin biyu, da layi ɗaya da ke cewa: INVITE ya iso maka da ƙarfe kaza ɗauke da lamba kaza, na'urarka ta amsa da 404.